Faifan Sifika da Ƙarancin Bes



Sifikun Magnepan na Amurka, da Quad na Ingila wanda ya fito a 1957, ba su da akwati. Leda ce siririya ke kaɗawa a cikin firam, shi ya sa murya ke fita tas. Amma masu su kan koka cewa bes, wato amo mai kauri, ba ya da nauyi.

Dalili kuwa, sautin na fita gaba da baya lokaci guda. Gaba na tura iska, baya na janta, sai amo mai kauri na gaba da na baya su zagayo gefe su kashe juna.

Maganin farko kyauta ne: a janye sifikar daga bango kamar mita 1, a riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan ana saurare. Na biyu, ga masu Magnepan, amfilifaya mai ƙarfi, domin yawancinsu om 4 ne. Na uku, a ƙara wufa, wato sifikar bes, a tsayar da ita ƙasa da haz 80, a daidaita ta har kunne ya kasa gane inda take.

Shawarata, kada a sayi komai sai an gwada na farko.