Saƙar Tufka: Awo Ɗaya, Farashi Ɗaya

Jawabin sashen masu saƙar ulu a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a Gusau

 

Uwar ƙungiya, shugaba da mataimakanta, ma'aji, iyayenmu mata da suka taso tun da safe daga Tsafe da Bungudu, yayyenmu da ƙannenmu na nan cikin Gusau: Sannunku da hanya. Mun san abin da hanya take nufi a wanga zamani, kuma mun san akwai wadda sai da ta yi ta roƙon maigida kafin ya bari ta shigo mota. Allah Ya mayar da kowa gida lafiya.

An ba sashenmu ɗan lokaci ya yi magana. Ba za mu cinye shi wajen yabon kai ba, don kayan suna nan a kan tebur, kowa ta gani ta taɓa. Magana ɗaya muka zo da ita: saƙar tufka ita ce abin da muke da shi wanda kasuwa ba ta iya ƙwace mana da araha, amma ba za ta riƙe mu ba sai mun haɗa kai a kan awo, da farashi, da lokacin sayen ulu.

Zare ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ƙasar nan ƙasar auduga ce. Kakanninmu mata sun yi gurza, sun yi shiɓa, sun yi kaɗi da mazari da alli a yatsa, su kai abawa ga masaƙa. Auduga da gyaɗa suna cikin abin da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa daga nan, tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Manyanmu da ke zaune a nan sun ga lokacin da masaƙar Gusau ke aiki, mazaje suna fita da safe suna dawowa da albashi, tun kafin a cire Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996. Masaƙa ta rufe, mazari ya koma ƙarƙashin gado. Abin da bai tafi ba shi ne hannun. Yau ulu muke riƙewa da tsinken saƙa maimakon auduga da mazari, amma haƙurin zama da zare iri ɗaya ne.

Ga waɗanda ke wasu sassa, masu man gyaɗa da masu sabulu da masu kiwo, bari mu faɗi abin da muke kira tufka. Wasu na ce mata kitso, don da ka dube ta sai ka ga kamar an yi wa mayafin kitso. Ba kwarashi ake yin ta da shi ba, tsinke biyu ne, sai wani ɗan gajeren tsinke na uku. Kowane madaukin zare da ke kan tsinke muna ce masa ido. In an zo wurin tufka mai ido 6, sai a zare ido 3 a ɗora su kan ɗan gajeren tsinken su jira, a saƙa 3 da ke bayansu, sannan a dawo a saƙa waɗanda suka jira. Shi ke nan, sun haye juna. In aka riƙe masu jiran ta gaba, tufka ta karkata hagu. In aka riƙe su ta baya, ta karkata dama. Sai a yi layi 7 ba a taɓa ta ba, a layi na 8 a sake hayewa. Wallahi iyakar sirrin ke nan. Kuma duk wadda ta taɓa zubin adashi ta san wannan karatun: wasu su jira, wasu su ɗauka, kowa kuma zagaye zai zo kanta. In aka manta da ido ɗaya a kan ƙaramin tsinke, layin duka ke warwarewa.

Mayafin wuya da muke koya wa sababbin shiga ido 34 ne. Ido 4 a kowane gefe a yi musu saƙar gaba a kowane layi, don kada baki ya naɗe. A tsakiya tufka uku masu ido 6, da ido 2 na saƙar baya a gefen kowace, su ne ke sa tufkar ta taso ta fito. Abu biyu ya kamata mai saye ma ya sani. Tufka tana tsuke faɗi, don haka tana cin ido fiye da saƙar fili. Tana kuma cin ulu da lokaci fiye da ita. Amma wannan ninkin shi ke sa ta kauri, ta riƙe ɗumi a asubar hunturu, lokacin da iska ke saukowa ta wajen Dutsen Kwatarkwashi har haƙora na haɗuwa.

To, ina matsalar take?

Ku shiga kasuwa daga watan Nuwamba. An kwance dilar gwanjo, rigunan sanyi da huluna jibge a ƙasa. Ga kuma kayan inji da ake shigowa da su daga waje ta Kano. Idan muka saƙa hular fili marar ado, mai saye zai ɗora ta kusa da ta gwanjo ya ce wannan ta fi araha, kuma gaskiya ya faɗa. A nan ba mu da ta cewa. Amma akwai abin da gwanjo ba ya yi. Ba a kai wa maijego gwanjo a matsayin barka. Ba a ba amarya gwanjo, ba a ba yaron da ya sauke Alƙur'ani gwanjo ranar walima. Wurin kyauta ana son sabon abu, mai launin da aka zaɓa, wanda aka san an zauna an yi shi dominka. Nan ne kasuwarmu take: shawul da hula da safa na jarirai, mayafin wuya, abin rufe kunne na 'yan makaranta, safar hannu marar yatsu ga masu shayi da masu POS da ke ƙirga kuɗi da sassafe, jakar waya, jakar carbi, rigar filas. Ƙananan nan ba abin rainawa ba ne. Da ragowar ulu ake yin su, ana gama ɗaya a zama biyu, kuma su ne ke tafiya ko babu sanyi.

Sai dai wannan kasuwar ma tana zubewa ta wurare uku.

Na farko farashi. Dillaliya za ta ɗauki mayafi a Gusau ta ji kuɗinsa, ta je Bungudu ta ce ai a Gusau an bar mata ƙasa da haka, ta je Tsafe ta ce a Bungudu an bar mata ƙasa da haka. Wadda ke da marar lafiya a ɗaki ko ba ta ɗora tukunya ba, dole ta sallama. Ba laifinta ba ne, buƙata ce. Amma ku duba lissafin. A ce ulu ya ci naira 3,000, an sayar da mayafi 3,500. Dare nawa aka yi ana saƙa shi bayan sallar isha'i, da fitilar waya? Kashe idon da ciwon wuyan duka a naira 500? Kuma gobe in aka koma sayen ulu, a tarar ya tashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kowa ta ga yadda kayan da ake shigowa da su suka yi, har da ulu. Mace tana ganin tana ciniki, ashe jarinta take ci.

Na biyu awo. In mai shago ya ce a kawo masa mayafi 20, ya kamata su zo kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Hannu kuwa ba ɗaya ba ne: wata tana tsuke zare, wata tana sakewa. Wannan ba mu kaɗai ya taɓa samu ba. A yammacin ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, akwai wasu ƙananan tsibirai da ake kira Aran, na masunta da manoma talakawa. Matan can ne suka yi wa irin wannan saƙar suna a duniya. Suna zaune cikin ɗakunansu suna saƙa rigunan sanyi masu tufka, har aka fara fitar da su zuwa Amurka a shekarun 1950. Da kasuwa ta buɗe, sai da aka tura musu mai koyarwa don kowa ta saƙa a kan awo ɗaya, saboda mai saye daga nesa ba zai zo ya gwada ba. Gwanintar suna da ita tun farko. Awon ne ya fitar da kayansu daga tsibiri.

Na uku lokaci. Sanyinmu gajere ne. Ya shigo a Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, zuwa ƙarshen Fabrairu ya kama hanya. In sai an ji sanyi sannan za a nemi ulu, to an haɗu da tsada, launuka masu kyau sun ƙare, kafin a gama saƙa zafi ya leƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma mu 'yan Zamfara muna da wani dalili da wasu ba su da shi. Kun tuna watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Babu kira, babu tura kuɗi, babu cin kasuwa. Wadda ke da ulu a ɗaki ta ci gaba da aikinta. Wadda ba ta da shi ta zauna ta naɗe hannu. Ba mu fatan a sake ganin irin wannan, amma mai hankali yana ajiye tanadi.

Saboda haka muna roƙon wanga taro ya amince da abu uku kafin a watse.

Ɗaya, a ware wani kaso daga asusun ƙungiya don sayen ulu a dunƙule cikin watan Yuni ko Yuli, mutum biyu su je Kano su sayo wa reshe uku gaba ɗaya. Kuɗin mota ɗaya, farashin sari, kuma launi ɗaya daga rini ɗaya, don ulu ko sunan launinsa ɗaya ne, in ba tare aka rina shi ba sai an ga bambanci a tsakiyar mayafi. Kowa ta karɓi ulu a rubuce a littafin ma'aji, ta biya in ta sayar. Saƙa ta kama daga damina, kaya su kammala kafin ƙarshen Oktoba.

Biyu, awo ɗaya da tef ɗin tela. Mayafin babba inci 60 a tsawo, 7 a faɗi. Zagayen wuya inci 22. Hular jariri sabon haihuwa inci 13, don kansa yakan kai wajen 14 kuma saƙa tana miƙewa. Kafin a fara babban aiki, kowa ta saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu ta auna. In ya tsuke ta ɗauki tsinke mai kauri, in ya sake ta ɗauki siriri. A kowane reshe a samu mace ɗaya mai ido da za ta duba kaya kafin su fita da sunan ƙungiya.

Uku, farashin da ba a sauka ƙasa da shi. A haɗa kuɗin ulu, da ladan aiki gwargwadon kwanakin da aka yi, da ɗan kason ƙungiya, a rubuta, a raba wa Gusau da Tsafe da Bungudu takarda iri ɗaya. Mai son ta ɗora a kai ta ɗora. Wadda kuma buƙata ta matsa wa, kada ta kai wa dillaliya a wulaƙance. Ta kawo wa ƙungiya, a biya ta nan take, ƙungiya ta ajiye ta sayar in sanyi ya zo. In babu wannan ƙofar, farashin takarda ce kawai, don ba a ce wa mai yunwa ta jira Disamba.

Mun san akwai masu cewa wannan zai ɗaure kuɗin ƙungiya wata biyar ko shida, alhali masu man gyaɗa ma suna jiran rance lokacin kaka. Maganarsu tana kan hanya. Shi ya sa muka ce kaso, ba duka ba, kuma a gwada shekara ɗaya, a taro mai zuwa ma'aji ta karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. In bai biya ba, mu ne farkon waɗanda za su ce a bari.

Kafin mu zauna, ga ɗan tuni da za ku gaya wa duk wanda ya sayi kayanmu. Yawancin ulun da ke kasuwarmu ba gashin tumaki ba ne, na roba ne. Wuta na narkar da shi ya manne a fata, don haka kada a bar yaro ya zauna jin ɗumi a bakin murhu da mayafi yana reto. Kada a ɗora masa dutsen guga. A wanke da ruwan sanyi, a matse a hankali, a shimfiɗa a inuwa, kada a rataya don zai zuba ya yi tsawo. Jariri ba a sa masa mayafin wuya, kuma ba a ɗinka wa kayansa maɓalli ko duwatsun ado da zai iya cirewa ya haɗiye. Mai kabu-kabu a ba shi zagayen wuya rufaffe, don dogon mayafi na iya shiga taya.

Sannan ga 'yan uwanmu mata da tashin hankali ya raba da ƙauyukansu, suna zaune a gidajen dangi da kangaye a cikin garuruwan nan, da yawansu da marayu a hannu. Gona ta fi ƙarfinsu yanzu, dabbobi an kore. Wagga sana'a kuwa jarinta tsinke uku ne da ƙunshin ulu, tana shiga leda, ana yin ta a zaune da goyo a baya. Muna roƙon kowace gwana a cikinmu ta ɗauki mace ɗaya ko ɗiya ɗaya ta koya mata kafin damina ta fita. Ta fara da abin rufe kunne mai tufka ɗaya, a sati guda ta ga abin da hannunta ya yi.

 Takardar buƙatun nan uku tana hannun sakatariya, muna so a karanta su ɗaya bayan ɗaya a ɗaga hannu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba. Allah Ya ba jiharmu zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da hannunmu ke yi, Ya nuna mana baɗi da rai da lafiya.