Wasan Kwamfuta da Tuƙin Kwalekwale



A shekarar 2010 kamfanin Microsoft ya fito da Kinect, wato na'urar da ke duban motsin jiki ta sarrafa wasa da shi. Yau kuwa kyamarar waya da manhajar shiga intanet sun wadatar. A gasar masu tsara manhaja ta kwana biyu, samari uku suna iya koya wa kwamfuta gane hannu: mutum ya yi tuƙi a iska, kwalekwale ya tafi a allo.

To, jama'a, wa ya fi ɗan Basarken bakin tafkin Kainji, daga Yawuri zuwa Ngaski, sanin tuƙi? In ba mu koya masa ginin wannan wasa ba, lalle wani zai gina, ya sayar masa.