Gidajen Kakanninmu a Gindin Dutse

(Jawabin da aka karanta a taron ƙungiya na bayan girbi)

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara muku girma. Ƴan uwa da kuka taso daga Yamai, da waɗanda takardar nan za ta iske a Kwatano da Abijan da Kumashi, muna gaishe ku, muna tambayar iyali.

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar ɗakin ajiyar hatsi da muka yi niyyar ginawa a Damana. Kuɗi sun taru, alhamdu lillahi, amma baki bai zo ɗaya ba. Waɗansu sun ce siminti da kwano, a bakin hanyar mota. Waɗansu sun ce ƙasa, a kan tudu. Kafin a yanke magana, muna roƙon ku ku ba mu dama mu waiwayi yadda mutanen da suka zauna.

Ƙasarmu ba ta da manyan duwatsu irin na Abzin, inda Bagzan ya haura mita 2,000. Namu dutsen shi ne wannan gaɓa da ta bi gefen Dallol Boso: bisa fako da tsakuwa, ƙasa rairayi da rijiyoyi marasa zurfi. Sunan Tondikandiya ma daga nan ya fito, don da Zabarmanci "tondi" dutse ne.

Tsofaffi sun faɗa mana cewa a zamanin hari, daga nan har Kurfai, mutum ba ya kafa gida a tsakiyar kwari. Sai ya raɓu da gindin dutse. In an hango ƙurar mahara, mata da yara da awaki su haye bisa, maza su tsare mashiga. Kwari kuwa na gero ne da rijiya, ba na kwana ba. Wanda ya taɓa kiwo a wajen nan ya san kufai: tsingaro, da duwatsun murhu, da dutsen niƙa da ya lotse. Ku dubi inda suke. Da wuya ka ga kufai a kan hanyar ruwa.

Gidan kansa ba shi da wuya. A kafa gofa, a zagaya da zanar gamba, a ɗaure tanka da igiyar kaba, maza su taru su ɗora jinka. Kowace mace da ɗakinta, ga randa, ga gado na itace da kara, ga ƙoren da aka jera. Danga ta kewaye kowa. Ba a biyan kowa ko dala, gayya ce, sai fura da godiya. Amma inda suka zuba hankalinsu duka shi ne rumbu. Ɗaki in ya faɗi, kwana uku an tada wani. Rumbu kuwa sai an ɗora shi a kan duwatsu don gara da lema, a ware shi nesa da murhu, kuma maigida kaɗai ke cewa a buɗe. Mutanen da suka ga yunwar 1914 da ta fara ta 1931 ba su wasa da wannan.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, zaman nan yana da wahala. Gobara ɗaya a lokacin hunturu ta kan cinye unguwa. Ga kunama a jinka, ga hayaƙi a ido. Iyayenmu mata da suka yi dakon tulu daga kwari zuwa gindin dutse ba su kewar wannan zamani, kuma suna da gaskiya.

Da Nasara ya zo a farkon ƙarni na 20 ya kafa bariki a Filinge, hari ya ragu, mutane suka sauko, suka bazu cikin gonaki. Daga baya kuɗin bida suka kawo soro, sannan kwano. Mu ne muka kawo shi, mu ƴan tafiya, kuma mu ne muke kwana a waje duk bazara don ɗakin ya zama tanda. Soro kuma yana cin itace, ga shi tun farin 1973 da na 1984 azara sai da kuɗi mai yawa.

To, akwai hanya ta uku, kuma ba daga nesa take ba. A Shikal, nan cikin Kurfai, aka fara gwada gini maras itace a 1980: tubalin ƙasa zalla, a lanƙwasa rufi ya zama baka ko tuluwa, ba azara ba kwano. Daga nan ya bazu cikin Nijar har ya kai Mali da Burkina. A Yama ta jihar Tawa kuma, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya gina ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Ashe ƙasa ba alamar talauci ba ce.

Sai dai ƙasa tana son a kula da ita. Duk mun ji ɓarnar daminar 2024, har tsohon masallacin Zindar ya rushe. Ɗakin ƙasa in babu harsashi na dutse, babu yaɓe kowace shekara, babu mai duba indararo kafin ruwan fari, asara ne. Na siminti ma in aka dasa shi a bakin kwazazzabo, ruwa ba ya jin kunyarsa.

Ra'ayinmu dai ga shi, ku duba: wurin gini a bar wa dattawa su nuna, tunda su suka san inda ruwa ke bi in ya sauko daga fako. A sa dutse a ƙasa, dutse ba mu saye. A aika mutum biyu Shikal su ga ginin da idonsu, su tambayi magina abin da zai ci, su dawo mana da lissafi kafin taro mai zuwa. In an zaɓi ƙasa, to a rubuta sunayen unguwannin da za su riƙa yaɓe, bi da bi, tun yau. Wanda ke da wata magana ya tashi ya faɗa, na nesa kuma su aiko da tasu a hannun magatakarda.