Haƙƙin 'Ya'yanmu A Makarantun Sakandaren Gwamnati

(Jawabin kwamitin ilimi a taron iyaye na Sabo, Shagamu)

 

Maƙasudin wannan taro shi ne koke-koken da ke zuwa mana duk farkon shekarar karatu. Wani ya kai ɗansa ƙaramar sakandare an ce sai ya kawo takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wani an ce masa babu gurbi, wani kuma an karɓi kuɗinsa ba rasit. Da yawanmu sai mu yi shiru mu ce ai garin mutane ne, yaro ya ƙare a tasha ko a shagon goro. To, ya kamata mu san abin da doka ta ce.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a inda ya ga dama. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko asalin garinsu. Sashe na 38 kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi ibadar addinin da ba nasa ba, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi damar sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Sai dokar UBE ta 2004, wadda ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Mai karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki ya yi laifi, haka ma uban da ya ƙi kai ɗansa.

Gaskiya ne har yanzu ana neman takardar asali wajen tallafin karatu da gurbin jami'a, shi ya sa muke shawartar kowa ya nemo wa 'ya'yansa tasu daga gida tun da wuri. Amma rashinta ba hujja ba ce ta hana yaro zama a aji.

Idan matsala ta taso, mu san ƙofar da za mu buga. Maganar firamare tana hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB. Ta sakandare kuwa, a fara da shugaban makaranta, sai ofishin ilimi na shiyya, sannan ma'aikatar ilimi a Abeokuta. Koke ya zama a rubuce, da kwanan wata, a ajiye kwafi. Kada kowa ya je shi kaɗai cikin fushi, a sanar da kwamiti mu tafi tare. Dattawanmu ba su manta da rikicin Yulin 1999 ba, don haka haƙƙinmu da lalama da takarda za mu neme shi.

Mu ma akwai namu nauyin. A yanko wa kowane yaro takardar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya. A daina ɗauke yara a tsakiyar zango a kai su gida noma ko biki, in kuma tafiyar ta zama dole, a karɓi takardar canjin makaranta. A bar 'yan mata su kammala, su zauna jarrabawar WAEC ko NECO. A riƙa halartar taron PTA, domin a can ake yanke kuɗaɗen da muke kuka da su, kuma wanda bai je ba, abin da aka yanke shi zai biya.

Muna roƙon kowane gida ya kawo wa sakatare sunayen yaran da ba sa makaranta kafin a koma hutu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.