Jawabin Shugabar Mata ta Gwaska: Kada Mu Cinye Irin Rizga

 

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na wannan jam'iyya tamu, ina gaishe ku da sanyi, ina gaishe ku da aikin kaka. An rubuta jawabin nan ne saboda waɗanda ba su samu zuwa taro ba. Wadda ta iya karatu don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Yau ba maganar katin zaɓe na kawo ba, wannan tana nan tafe. Maganar rizga ce. Na san wasu za su yi dariya, su ce Hajiya ta rasa abin faɗa. To ku saurare ni tukuna.

Satin da ya wuce na aiki yarinya ta zagaya unguwa ta sayo mini rizga mudu ɗaya. Gida uku kaɗai aka samu mai ita. Gida uku! Muna yara, da wuya ki shiga gida a hunturu ba ki tarar da tukunyar rizga a kan murhu ba. Ba raina ta muka yi ba, gudu ne ya raba mu da ita. Kowa ta san abin da ya same mu a garin nan a watan Mayu na 2018, da shekarun da suka biyo baya, lokacin da gona ta gagari mai ita. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Tun ƙarshen Nuwamba 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu aka buɗe kara, mutane sun fara komawa gonaki. Amma akwai abin da ba ya dawowa da kansa.

Masara ko dawa, in kin rasa iri, kasuwa za ki je ki auno. Rizga ba haka take ba. Irinta shi ne 'ya'yan nan da muke ci, kuma ba sa jiran shekara biyu. In damina ɗaya ta wuce ba a binne su ba, shi ke nan, irin gidan ya mutu, ko da tun kan kakar kakarki yake. Ɗan abin da ya rage a hannun tsofaffinmu shi nake jin tsoron kada a dafa shi a sanyin nan, ko a ɗora wa yara talla.

Saboda haka wadda ta tono bana, ta ware kashi ɗaya tun kafin ta ɗora tukunya. Ki zaɓi lafiyayyu waɗanda fartanya ba ta sara ba, kada ki wanke su. Ki haƙa rami a inuwa inda ruwa ba ya kwanciya, ki zuba busasshen yashi da toka, ki jera su ki rufe. Ki riƙa leƙawa saboda gara da ɓera. Da bazara za ki ga sun fara tsiro, kada ki tsorata, alamar rai ce. Ruwa na zama sai a yi huɗa, kunya mai tudu a ƙasa mai sauƙi, a binne. Ba ta son ƙasar da ke riƙe ruwa, ruɓewa take yi. Takin awaki da tokar murhu sun ishe ta, ba sai kin ci bashin buhun taki ba. In an yi noma a tura mata ƙasa a gindi, nan take zuba 'ya'ya kamar yatsun hannu. Wata shida zuwa bakwai, ganye ya bushe, sai tono.

Abin da ya fi kwanta mini a rai, kunya goma a bayan gida ta isa. Ba sai an tura yaro cikin daji ba. Matan da suka rasa mazajensu, ku nake nufi musamman.

Ɗiyar ƙanwata mai karatun aikin gona ta nuna mini a waya wata saiwa da ake nomawa a Beljiyam da Faransa, doguwa, baya baƙi ciki fari, sai da sanyi ake tono ta. Da can abincin talaka ce, amma ba su yar ba, har a gwangwani suke sa ta. Na ce kin ji, su ma suna da rizgarsu.

Dahuwa kuwa ba ni zan koya wa iyayena ba, don amarenmu nake faɗa. A zuba a buhu da ɗan ruwa a murje, ɓawon zai fita, ba sai an zauna da wuƙa har azahar ba. A dafa da gishiri kawai, kada ta luguiguice. Yajin ƙuli da ɗan man gyaɗa, an gama. In fate kike so, manja, albasa, daddawa da ganyen alayyahu. Ni dai nawa ra'ayin, dankalin Turawa bai kama ƙafarta ba, kowa kuma da bakinta.

Ga abin da nake roƙo. Shugabar mata ta kowace rumfa ta rubuto sunayen masu iri, rizga ko tumuku, da sunayen masu buƙata. Mai iri ta ba da rance mudu ɗaya da damina, a mayar mata da mudu biyu da kaka. Kuma kada a tambayi mace wa ta zaɓa kafin a ba ta. Ni na fara da mudu uku na gidanmu. A kawo sunayen gidana ranar Asabar bayan la'asar, wadda ba za ta iya zuwa ba ta turo ta murya a wannan zaure.

Wassalamu alaikum.