Mai Taɓin Hankali: Asibiti ko Gidan Yari?

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da Turawan mulkin mallaka suka bari. Sai dai ba ta taɓa sashe na 231 na kundin Penal Code ba, wanda ya tanadi ɗaurin har shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023.

Wurin malam ko gidan mari iyalai da yawa ke fara kai majinyaci. Amma ana iya haɗa jinyar gargajiya da ta asibiti: tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Lambo ya haɗa likitoci da masu maganin gargajiya da dangi a Aro, Abeokuta.

Don haka majalisun jihohin Arewa su shigar da malamai cikin tsarin jinya, su haramta ɗaure majinyaci da sarƙa.