Hadarin Gabas da Na'urar da ke Hango Shi

Ranka ya daɗe Dagaci, masu unguwanni, malamanmu limamai, iyayenmu mata, da matasan Rano da Kibiya, mun gode da amsa kira.

Kowa a nan ya san hadarin farkon damina. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif, sai ƙura ta turnuƙe. Kafin a kwashe shanya, kwano ya bar kan ɗaki. Yawancin asarar da muke yi, ƙurewar lokaci ce ke jawo ta.

Akwai na'ura da ake kira rada. Tana harba igiyar rediyo cikin gajimare, ɗigon ruwa ya dawo mata da ita, kamar yadda duwatsun Rano ke mayar wa makiyayi muryarsa. Da abin da ya dawo ake gane nisan hadari, nauyin ruwansa da ƙarfin iskarsa. A Amurka, tun 1995 ake ɗora ta a bayan babbar mota ana bin guguwa da ita. A 1999, a jihar Oklahoma, ta auna iska mai gudun kusan kilomita 480 a awa.

Nan maƙwabta, a 2006, masana sun kai wata rada Yamai ta Nijar, suka yi damina suna nazarin irin hadarinmu. Yakan jeru layi guda, ya taso daga gabas ya nufi yamma, yana cin kamar kilomita 50 a awa. Ashe na'urar da ke hangen kilomita 150 tana iya ba gari awa biyu ko fiye na shiri.

To amma awa biyun nan ba ta da amfani idan labari bai iso gona ba. Hukumar NiMet ce ke fitar da hasashen yanayi a Najeriya, gidajen rediyo na karantawa. Don haka kowace unguwa ta ware matasa biyu masu waya da rediyo. Da sun ji gargaɗi, su sanar da mai unguwa, liman ya faɗa a lasifika.

Idan an yi shela, masunta a Tiga da Rurum su fito da kwalekwale bakin ruwa. Makiyaya su sauko daga kan dutse. Kada kowa ya fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, nan aradu ta fi faɗawa. Iyaye mata, a kira yara cikin ɗaki, a kashe wutar murhu. Magidanta kuwa, tun yanzu da rani a ƙara wa kwano ƙusa, a ɗaure katakon rufi da waya, a yashe magudanar ruwa.

Ruwa na Allah ne, shiri kuma namu ne. Kafin mu tashi, kowace unguwa ta ba Dagaci sunayen matasanta biyu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyoyinmu.